Akuyar Ƙasan Allo

Shekara talatin da huɗu Sista ta yi tana aikin jinya a ɗakin maza na babban asibiti, kuma ba a taɓa jin ta ce wa majinyaci "sannu" sau biyu a rana ɗaya ba. Sau ɗaya ya isa, in ji ta. In ka ƙara, ka koya masa raki ke nan. Sunanta yana nan a takardun fansho, amma ba mai kiran ta da shi. Likitoci Sista suke cewa, masu gadi Sista, maƙwabta Sista. Har mijinta, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ware wasiƙu a gidan waya, shi ma Sista yake cewa, da 'yar muryarsa kamar mai neman izinin shiga ofis.

Ita ce ta fari a cikin 'ya'ya tara. Mahaifinta masinja ne a kotu, mutum mai wando biyu kacal, amma kullum karin gugarsu kamar bakin wuƙa. A wurinsa ta gaji tsayuwa ƙiƙam da kallon mutum daga sama har ƙasa. A wurin mahaifiyarta kuwa ƙanne takwas ta gada, domin tun tana 'yar shekara goma ita ke yi musu wanka, ita ke cire musu ƙaya, ita ke matse musu maruru, wanda ya yi kuka kuma ta ƙara masa da ranƙwashi. Da ta shiga makarantar koyon jinya, ba jini ne ya ba ta mamaki ba, ba wari ba. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne yadda ƙato mai gashin baki ke runtse ido in ya hango allura.

Aikinta dai ba mai kushe shi. Jijiyar da ta gagari likita, ta gagari ɗalibai uku, har hannun majinyaci ya koma kamar rariya, sai a aika a kira Sista. Ta zo ta ɗaure dantse, ta ɗan taɓa da yatsa biyu, ta soka sau ɗaya, jini ya biyo. Ba ta tsayawa jin godiya. Sai dai ta dubi likitan ta ce, "Shekara nawa aka ce ka yi a makaranta?" ta yi gaba. Mutane a wurinta kashi biyu ne: masu raki, da waɗanda lokacin rakinsu bai zo ba tukuna. Masu shara da goge-goge kuwa ba su cikin kowane kashi. Su a idonta bokitai ne da aka yi wa ƙafa. Ranar da ta yi ritaya an yi mata ɗan taro an ba ta agogon bango. Ta juya bayansa ta duba, ta ce ko batir ba su iya sakawa ba.

Hawan jini ya daɗe da kama ta, ta kuma sani, don ita ke auna kanta. Amma likitan da ya rubuta mata ƙwayoyin ita ta koya masa ɗaura bandeji, saboda haka ta ajiye maganin a saman firij tana sha in ta ga dama. Wata rana da hantsi, shekara huɗu bayan ritaya, tana tsaye tana goge wa maigidan riga, don ba ta yarda da gugar kowa ba, sai dutsen guga ya suɓuce daga hannunta na dama. Ta sunkuya za ta ɗauka, ƙafa ta ƙi, ta bi shi ƙasa. Tana kwance a kan siminti ta gane abin da ya same ta sarai: shanyewar ɓarin jiki. Ta san in aka daɗe za a makara. Ta buɗe baki ta umarci maigidan ya nemo mota yanzu-yanzu, amma abin da ya fito wani gurnani ne da yawu. Shi kuwa ya tsuguna a kanta yana ta faɗin, "Me kika ce, Sista? Ruwa? Ruwa kike so?" Daga baya ta ce da hannun na aiki a lokacin, da ya sha mari.

Sati uku ta yi a kwance a ɗakin mata, bene ɗaya sama da inda ta yi mulki. Bakin ne ya fara dawowa, abin da ma'aikatan ɗakin ba su yi wani murna da shi ba. Ƙafa ta biyo baya, da ɗan ja. Hannun dama ne ya ƙi. Ya lanƙwashe a ƙirjinta, yatsun sun dunƙule kamar ƙafar mataccen tsuntsu, in ta ce ya buɗe sai ya ɗan yi rawa ya koma. Ba ta taɓa aiki da ƙaramin ma'aikaci mai taurin kai irinsa ba.

Wata biyu da komawarta gida, wata mata ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwali a hannu. Daga sashen gashin ƙashi take, wato inda ake koya wa gaɓoɓin da suka shanye motsi. Matar ta haura arba'in, har da furfura a goshi, amma duk wanda ya fara aiki a bayan Sista yaro ne, don haka ita ma yarinya ce.

"Mama, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Ban haife ki ba. Sista za ki ce."

"To, Sista."

Likitar gashin ta ajiye kwalin a kan teburin falo ta yi bayani. Sashensu ya cika, ba za su iya ganin kowa sau uku a sati ba, hannu kuma sai ya maimaita motsi ɗaruruwa a rana kafin ƙwaƙwalwa ta sake gane hanyarsa. Saboda haka aka fito da tsarin yi a gida. Ta ciro wata baƙar safar hannu mai siraran wayoyi a bayan yatsu, da wani ɗan akwati da ta jona a jikin talabijin. Ta kunna. Sai ga itacen lemo a allo, da kwando a ƙarƙashinsa, ga wani kiɗa na tashi kamar na motar tallan alewa.

"In kika buɗe hannu, kwandon zai buɗe. In kika rufe, ya cafke lemon. Akwai na tsuntsu kuma, in kin ɗaga wuyan hannu ya tashi sama. Akwai na shanya, shi da babban yatsa da manuni za ki matse maƙalin kaya."

"Gem," in ji Sista. "Irin wanda 'yan zaman banza ke bugawa a shagon aski. Gwamnati ta kai ki makaranta shekara da shekaru don ki kawo mini gem."

"Minti arba'in a rana. Duk abin da kika yi, akwatin zai turo mini a kwamfuta."

Sannan ta nuna mata wani shafi. Majinyata goma sha biyu ne a cikin tsarin, an jera su daga mai yawan maki zuwa mai ƙaranci. Ba a sa sunan kowa ba, don sirri. Kowa hoton dabba aka ba shi: ga giwa, ga zomo, ga kada, can a ƙololuwa kuma wata agwagwa mai baki ruwan goro.

"Ni wace ce?"

Likitar ta ɗan yi gyaran murya. "Ke kika shigo daga ƙarshe, Sista. Akuya ce kawai ta rage."

Maigidan ya yi wani tari da bai yi kama da tari ba, ya ce bari ya duba ko ruwan shayi ya tafasa.

Aka zura mata safar da ƙyar, yatsa bayan yatsa. Lemo ya fara faɗowa. Sista ta zuba wa hannun ido ta ba shi umarni, shi kuwa ko gezau. Lemo ashirin suka faɗo, goma sha tara suka fashe a ƙasa. Na ƙarshen ne hannun ya zabura don kansa, kwandon ya ɗan buɗe baki, lemon ya faɗa ciki. Wata murya mai zaƙi ta fito daga talabijin: "Da kyau! Ci gaba!"

"Kashe," in ji Sista. "Ni za a yi wa da kyau? Ɗaya cikin ashirin? In ɗaliba ta kawo mini wannan sakamakon, korar ta zan yi."

Sati guda akwatin yana zaune ƙarƙashin wani ƙyalle, kamar abin kunya. Sai likitar ta bugo waya ta ce ta buɗe fayil ɗin Sista ta gan shi wayam. Wannan kalmar ce ta tsaya mata a wuya. A duk rayuwarta ba a taɓa buɗe takarda mai sunanta aka tarar babu komai ba. Da la'asar ta kira maigidan ta nuna masa safar da haɓa.

"Saka."

"Ni? Ai ni lafiyata ƙalau, Sista."

"Na tambaye ka?"

Ashe yatsun da suka shekara talatin suna watsa wasiƙu cikin ramuka ba su manta aikinsu ba. Tsohon ya riƙa cafke lemo kamar an haife shi a gindin itacen. Ya tashi tsuntsu, ya shanya kaya layi uku, yana dariya har da buga ƙafa, muryar talabijin kuma tana ta zuba masa "da kyau", abin da bai saba ji a gidan ba. Cikin kwana biyar akuya ta taso daga ta goma sha biyu zuwa ta uku. Sista tana zaune a gefe da hannunta a ƙirji, tana mamakin yadda mai furfura zai zubar da girmansa a kan lemon ƙarya.

Ran kwana na shida sai ga likitar gashi ba sanarwa. Ta gaishe su, ta zauna, ta ce ta zo taya murna.

"Hannun da ya yi wasan nan yana buɗewa gaba ɗaya, har ya fi nawa sauri. Sista, buɗe mini in gani da idona."

Maigidan ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau ya fara ganin sa.

"Baba," in ji likitar, "na duba hannunka kwana biyar, ba abin da ke damun sa. An sallame ka." Ta juya wurin Sista, fara'ar ta ɗan ragu. "Zan goge makin. Ke kin fi ni sanin sunan da ake kiran cika fayil da abin da ba a auna ba."

Sista ta sani. Ta taɓa sa an dakatar da wata ɗaliba don ta rubuta zafin jikin majinyaci ba tare da ta sa masa ma'auni ba. Akuya ta koma ƙasan allo, Sista kuma ta koma saka safar minti goma a rana, tana kallon lemo na fashewa da irin kallon da take yi wa 'yan dubiya masu zuwa da shawarar magani.

A ƙarshen wata aka kira su asibiti don awo. Maigidan ya samo mata gefen benci a barandar sashen gashi, ta zauna a miƙe, ta ja jikinta kada ya taɓa na kowa. A can ɗaya bencin wata ƙatuwar mata mai karkataccen baki tana ta zuba surutu, tana ɗaga hannunta na dama tana buɗewa tana rufewa don kowa ya gani. Can ta waigo, ta tsaya, ta dafe ƙirji.

"Ranki ya daɗe! Sista! Ke ce a nan?" Ta taso tana jan ƙafa, ta ɗan rusuna iyakar yadda gwiwa ta yarda. "Ba ki gane ni ba? Ni ce mai goge ɗakin maza. Shekara ashirin da biyu ina bin bayanki da bokiti."

Fuskar ba ta ce wa Sista komai ba, don ba ta taɓa kallon ta ba. Muryar kuwa ta gane ta. Sau biyu ta kai ƙarar wannan muryar don ta same ta ta jingine tsintsiya tana hira da majinyata.

"Ashe ke ma abin ya taɓa ki. Allah sarki. An ba ki safar? Ai ni ce Agwagwa! Ke wace ce?"

Sista ta ɗauke kai. Maigidan kuwa, wanda bai taɓa iya barin tambaya ta tafi ba amsa ba, ya ce, "Akuya."

"Wayyo Allah! Ke ce akuyar nan?" Matar ta tafa hannu, dukan bencin ya juyo. "Wallahi kullum na kunna sai na ce, ko wane bawan Allah ne wannan ya maƙale a ƙasa, ko ba shi da mai taimaka masa ne? Har addu'a nake saka akuyar nan a ciki. Ashe Sistarmu ce!"

Kafin Sista ta ankara, matar ta kama hannun nata, hannun da likitoci ke aikawa a kira, ta ɗora shi a tafinta mai kaushi tana lallaɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ki riƙa tsoma shi a ruwan ɗumi kafin ki fara, yana sa ya saki. Kuma kada ki riƙa kallon yatsun, ranki ya daɗe, in kina kallon su kunya suke ji. Lemon za ki kalla. Ni ma da farko haka nake, ko ɗaya ba na kamawa. Ki yi haƙuri, a hankali za ki iya."

Za ki iya. Mai bokiti ce ke ce mata za ta iya, a gaban jama'a, a cikin asibitin da ta yi shekara talatin da huɗu ana miƙewa in ta shigo. Har aka gama awo, suka shiga tasi, suka iso gida, fuskar Sista a murtuke take. Maigidan yana ta satar kallon ta yana jiran hukuncinsa. Suna shiga falo, ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, "Kunna."

Daga ranar gidan ya koma ɗakin jinya. Ta zana jadawali da hannun hagu, rubutun kamar tafiyar kaza, ta sa aka manna a bango: minti arba'in bayan karin kumallo, arba'in bayan la'asar. Likitar ta yi gargaɗi kada a wahalar da kafaɗa, Sista ta ce ta san kafaɗa tun likitar na rarrafe. Ta sa maigidan ya riƙa kawo ruwan ɗumi a roba, ta kuma bayyana masa cewa wannan yana cikin littafi tun kafin a haifi waccan matar, ba wai shawarar wani ta bi ba. Maganar kallon lemo maimakon yatsu kuwa ba ta cikin kowane littafi, saboda haka ba ta ambace ta ba. Ta dai daina kallon yatsun.

Aikin ba daɗi. Minti goma da farawa zufa ta jiƙa mata wuya, hannun ya ƙage, ciwo ya taso daga gwiwar hannu har bayan kunne. Wani lokaci yatsun su dunƙule su ƙi sakin kwandon, lemo na ta zuba a kansa, ita kuma tana zagin su kamar ɗaliban da suka makara. Ta sa aka kashe muryar nan mai "da kyau". Bayan kwana biyu ta lura ba ta gane lokacin da lemon ya shiga in ba sauti, sai ta ce a mayar, amma ƙasa-ƙasa. Wata rana maigidan ya ga idonta ya kawo ruwa, ta ce man zafin da ya shafa mata ne ya yi yawa, kuma shi bai taɓa iya auna komai ba.

Akuya ta fara hawa. Ta wuce Zomo, wanda Sista ta yanke cewa wani malalacin ɗan kasuwa ne. Ta wuce Kada. Giwa ta ba ta wahala sati biyu. Ta tabbata tsohon darakta ne da ya saba a yi masa komai, kuma ranar da ta haye kansa ta ce dama girman jiki ne kawai. Wasan shanya ne ya fi ci mata rai. Sati uku tana matsa babban yatsa ya sadu da manuni, kamar maƙwabtan da suka yi faɗa, kafin ta maƙala riga ɗaya a igiya. Ba a daɗe ba, wata safiya, maigidan ya ga ta ɗauki cokalin shayi da hannun dama ta juya sukari. Ya buɗe baki zai yi magana.

"In ka ce da kyau," in ji ta, "sai na watsa maka shi."

A wata na huɗu akuya ta kai ta biyu, ta tsaya nan. Duk abin da Sista ta ƙara yau, gobe da safe sai ta tarar Agwagwa ta ƙara fiye da shi. "Ba ta da aikin yi ne," in ji Sista, wadda ita ma ba ta da shi. "Hannun da ya saba matse tsumma, me zai hana shi matse lemo?" Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ranar awo. Matar na hango ta sai ta ɗaga murya: "Ga akuyata nan! Jiya da na ga kin wuce Giwa har tafi na yi, jikokina suka zaci na zare." Akuyata. Sista ta kan amsa gaisuwar da ka, ta nemi benci mafi nisa.

Sai wata safiya makin Agwagwa bai motsa ba. Washegari ma haka. Sista ta ƙara minti goma a kowane zama. Ran kwana na shida, tana cikin wasan shanya, allon ya yi wani walƙiya, kiɗa ya canza, aka ɗora wa akuya hular sarauta a tsakanin ƙahoni. Ta hau ƙololuwa. Sista ta sa maigidan ya ɗauki hoton allon da wayarsa, sau biyu, don na farkon ya karkace. Ranar ta ci abinci har da neman ƙari.

"Na san za ta gaji," ta ce. "Irinsu ba su da ɗorewa."

Ranar awo ta sa rigarta mafi kyau, ta ɗaura agogo a hannun dama don a gani. Ta duba benci na farko, ta duba na biyu. Barandar shiru, ba mai surutu. Da ta shiga wurin likitar gashi, ta bari sai da aka gama awo sannan ta ce, kamar wadda abin bai dama ba, "Waccan mai hayaniyar ta daina zuwa ne?"

"Ba a ba da labarin majinyaci, Sista. Ku kuka koya mana."

A bakin ƙofa ne wani tsoho mai tura keken marasa lafiya, wanda ya san su duka biyun tun da can, ya gaya mata. Ciwon ya sake bugun matar, kwana goma sha biyu ke nan. Tana sama, ɗakin mata, gado na tara.

Sista ta ce wa maigidan ya jira ta. Ta hau benen a hankali, tana jan ƙafa, tana gaya wa kanta cewa za ta duba ne kawai ko har yanzu ba su gyara tagar nan da ta karye ba.

Matar ta rame har kamar ba ita ba. An kwantar da ita rigingine, shanyayyen hannun yana reto a gefen gado, nauyinsa na jan kafaɗar ƙasa. Leɓunanta sun bushe sun tsage. A teburin tsakiyar ɗaki nas biyu sun haɗa kai a kan waya suna ƙyalƙyala dariya.

"Wace ce mai gado na tara?"

Muryar ba ta yi ƙarfi ba, amma dukansu biyu sai ga su a tsaye ba su san lokacin da suka miƙe ba.

"A wace makaranta aka koya muku barin hannu haka? So kuke kafaɗar ta goce? Ke, matashin kai biyu. Ke kuma, ruwa da auduga. Yaushe rabon da a juya ta? Kada ki duba takarda, ni ki duba, na san abin da aka rubuta a takardar."

Suka ruga. Sista ta sa suka juya matar a kan gefenta mai lafiya, ta tura matashi ɗaya a bayanta, ta ɗago hannun da kanta ta shimfiɗa shi a kan ɗayan, ta ware yatsun. Sannan ta tsoma auduga a ruwa ta shiga goge mata leɓe. Sai da ta yi nisa ta lura da hannun dama take yi, babban yatsa da manuni sun riƙe audugar ba su saki ba. Ta ci gaba.

Matar ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallo kafin gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga. Ta yi wani sauti da ba kalma ba ne.

"Ki daina wannan lalacin," in ji Sista. "Kin tafi kin bar ni da Giwa da sauran shashashai."

Ɗaya daga cikin nas ɗin ta matso a tsorace. "Mama, 'yar uwarki ce?"

"Allah ya kiyaye. Mai goge-goge ce. Miƙo tawul."

Sati biyu tana zuwa kullum da hantsi, tana cewa dole ce ta sa, tunda asibitin ya koma hannun 'yan wasa. Daga nan ɗan matar ya zo ya ɗauke ta a keken guragu zuwa garin da yake aiki. Magana ba ta dawo mata ba, sai kalma ɗaya ko biyu. Sista ba ta karɓi lambar wayar kowa ba. Maigidan ne ya karɓa, kuma ita ba ta taɓa bugawa ba, sai dai lokaci-lokaci ta kan ce masa, "Mutanen nan naka ba su kira ba?" Shi kuma ya fita baranda ya kira su.

Da wata shida suka cika aka zo karɓar safar da akwatin. Likitar gashi ta kawo mata takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, ta wadda ta zo ta ɗaya. Sista ta ce ba ta karɓar lambar tseren da abokiyar gudu ta faɗi a hanya, ta sa aka mayar da takardar cikin kwalin. Hannun dai ya tsaya inda ya tsaya. Yana riƙe kofi, yana ɓalle maɓalli in ba ƙarami ba ne, yana sa hannu a takarda da wani rubutu da ita kanta ba ta ɗauke shi nata ba. Zare a allura kuwa har yau ya gagara. In baƙi suka yaba, sai ta ce jiki ne ya yi aikinsa, gem bai taɓa warkar da kowa ba.

Bara ne wata maƙwabciya ta shigo da jajayen idanu. Mijinta, direban babbar mota, shi ma ciwon ya kayar da shi, an kuma yi musu tayin safar, amma ya rantse shi ba yaro ba ne. Ta zo jin ko abin yana da wani amfani.

"Shirme ne," in ji Sista. "Lemon ƙarya, da wata sakarar murya mai yabon mutum a kan abin da bai kai ya kawo ba. Gobe ki je ki karɓo masa. Minti arba'in da safe, arba'in da la'asar, ki tsoma hannun a ruwan ɗumi tukuna. In ya ƙi, ki leƙo ki kira ni."

Matar ta koma gida ta isar da saƙon yadda aka ba ta. An ce direban na gama ji sai ya tambaya ko ba za a iya karɓo safar tun yau ba.